Wa Za Ka Bar wa Shagonka: Ɗan Uwa, Yaron Shago, Manaja ko Abokin Ƙiradi?

Duk ɗan kasuwar da Allah ya buɗa wa, akwai ranar da zai gane cewa jikinsa ɗaya ne, harkar kuwa ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Wani ya kama shago na biyu a Ƙofar Ƙaura alhali na farkon yana Babbar Kasuwa. Wani sau biyu a mako yake shiga motar Kano ya yi sari a Singa ko Kantin Kwari, kowace tafiya kuma yini guda take ci. Wani ma'aikacin gwamnati ne, ya zuba abin da ya tara a kantin kayan masarufi, amma ba ya samun zama sai bayan la'asar. Wani kuma shekaru ne suka ja, ƙafa ta fara ƙin tsayuwa a bayan kanta. Tambayarsu ɗaya ce: wa zan damƙa wa makulli?

Na daɗe ina yi wa 'yan kasuwa lissafi a cikin garin Katsina, kuma kusan kowa da kalma ɗaya yake fara maganar: "Malam, wa kake ganin zan yarda da shi?" Amana ita ce tushe, ban musa ba. Amma shagunan da na ga sun durƙushe, yawancinsu a hannun wanda aka yarda da shi suka durƙushe, domin wanda ba a yarda da shi ba tun farko ba a ba shi makullin sito. Tambayar da ta fi amfani ita ce: a cikin mutanen nan, wane ne zan iya zaunar da shi ƙarshen wata in ce buɗe littafi mu gani, ba tare da fuska ta ɓaci ba? Kuma in abin ya ƙi, wane ne zan iya rabuwa da shi ba tare da na rasa wani abu da ya fi shagon daraja ba?

Ma'aunan da za mu auna da su

Abubuwa biyu daga binciken masana sun taimake ni wajen tsara tunani a kan wannan, kuma duk biyun kowane tsohon maigida a kasuwa ya san su a aikace ko da bai san sunansu ba.

Na farko, a 1976 wasu masana tattalin arziki biyu a Amurka, Michael Jensen da William Meckling, sun yi bayanin abin da ke faruwa idan mai dukiya ya wakilta wani a kan dukiyarsa. Bukatar wakili ba ta zuwa daidai da ta mai dukiya ɗari bisa ɗari, kuma wakilin ya fi shi sanin abin da ke gudana a wurin. Suka ce wakilci yana da farashi iri uku: abin da mai dukiya yake kashewa wajen sa ido, abin da wakili yake bayarwa don a natsu da shi (kamar kawo mai tsaya masa), da 'yar asarar da za ta rage duk da haka. Wato babu zaɓin da yake kyauta. Wanda ba ka biya da albashi, da wani abu kake biya.

Na biyu, Donald Cressey, wani masanin halayyar masu laifi, ya shiga gidajen yari a Amurka ya tattauna da mutanen da aka ɗaure saboda cin amanar kuɗin da aka damƙa musu, ya fitar da sakamakon a 1953. Ya tarar abu uku ne suke haɗuwa kafin amintacce ya taɓa dukiyar amana: matsalar kuɗi wadda yake jin ba zai iya gaya wa kowa ba, kafar da yake ganin zai ɗauka ba a gane ba, da uzurin da zai ba zuciyarsa, wanda sau da yawa shi ne "aro na yi, zan mayar." Ka duba na farkon da kyau, domin a ƙasar da kunya take da nauyi kamar tamu ya fi ko'ina aiki. Saurayin da aka sa wa ranar aure, lefe bai haɗu ba, kuma yana jin nauyin ya faɗa wa maigidansa, ya riga ya cika sharaɗi ɗaya. In durowa a buɗe take ba a ƙirgawa, ya cika na biyu. Hausawa sun faɗe shi a gajarce: ko ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Daga nan na fitar da ma'aunai biyar. Kuɗin da zaɓin zai ci, na fili da na ɓoye. Ɗorewa, wato shekara nawa za ka iya dogara da shi. Sanin aiki, da kuma saurin koyon abin da bai sani ba. Sauƙin yi masa lissafi da gyara. Sai haɗari, wanda ya haɗa da yadda rabuwa za ta kasance.

Ɗan uwa

Shi ne wanda zuciya take fara kawowa, kuma da dalili. Naka sai naka. Ka san gidansu, ka san tarbiyyarsa, ba zai gudu ya ɓace ba, kuma in ya samu, gidanku ne ya samu.

Ta fuskar kuɗi, a ido shi ne mafi araha, domin sau da yawa ba a yanka masa albashi. A littafi kuwa ba haka ba ne. Da yake ba a ce ga haƙƙinsa ba, shi ne zai riƙa yanka wa kansa: yau sukari da sabulu na gida, gobe kuɗin man babur, jibi gudummawar bikin aboki. Ba ya ganin sata ce, kuma a gaskiya ba niyyar sata ba ce, cewa yake "ai na Yaya ne." Sannan ga bashin dangi. Gwaggo ba za ta aiko wurin manajan da ba ta sani ba a ba ta buhun shinkafa zuwa ƙarshen wata, amma wurin ɗan ƙaninta za ta aiko, kuma ba shi da bakin hanawa. In ka tara waɗannan a shekara, sau da yawa sun wuce albashin da ka guje wa biya. Bambancin kawai shi ne albashi ka san adadinsa.

Ɗorewa kuwa yana da ita fiye da kowa. Ɗan uwa zai iya yin shekara ashirin a shago. Sai dai wannan doguwar zama tana da nata ƙulli: in ba a rubuta matsayinsa ba, ma'aikaci ne ko mai kaso, ranar da mai shagon ya kwanta dama za a ji shi yana cewa da guminsa aka gina dukiyar, magada kuma su ce ta ubansu ce. Duk ɓangarorin biyu suna da abin faɗa, kuma shi ya sa irin wannan rigimar take daɗewa a gaban alƙali.

Inda ɗan uwa ya fi rauni shi ne wajen lissafi. Wani ɗan kasuwa mai sayar da kayan gini ya taɓa kirana in duba masa littafi, muka tarar da giɓi babba a hannun ɗan yayarsa. Bai kore shi ba, faɗa kawai ya yi masa. Kafin magariba yayar ta iso gidan. "Haba Alhaji, ɗanka ne fa. A gaban yaran shago za ka kira shi ɓarawo?" Ya ce, "Yaya, wallahi ban kira shi ɓarawo ba, tambayarsa na yi." Ta ce, "Ai tambayar ita ce zargin." Daga ranar bai sake buɗe littafin a gaban yaron ba, giɓin kuma bai daina faɗi ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kalmar da ta faɗa, domin ita ce ainihin matsalar: tsakanin 'yan uwa, tambaya zargi ce, sai fa in an mayar da ita al'ada tun ranar farko.

'Yan uwan ma suna da hawa-hawa. Ƙaninka uwa ɗaya uba ɗaya da ka girma sosai yakan ji maganarka. Sa'anka ko ɗan baffanka, ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe. Ƙanin matarka kuwa, maganar shago za ta bi ka har ɗaki. Ɗanka na cikinka wani babi ne daban, domin shi gado kake koya masa, kuma ya fi kyau ya fara a ƙarƙashin wani, ba a saman yaran da suka girme shi a aikin ba.

Ɗan uwa yana yin kyau ƙwarai in an yi waɗannan abubuwa: a yanka masa albashi ko kaso sananne, a rubuta, a sa wani babba a dangi ya shaida, a ce duk abin da ya ɗauka na gida a rubuta shi kamar na kowane mai saye, a kuma sa ranar lissafi tun kafin a ga wani giɓi.

Yaron shagon da ya tashi a hannunka

Wannan ita ce tsohuwar makarantar kasuwancin ƙasar Hausa, kuma manyan attajirai da yawa ta nan suka bi. Yaro ya zo yana shara da ɗauko kaya daga sito, ya koma miƙa kaya, ya koma karɓar kuɗi, har a fara aikensa sari.

A wajen sanin aiki babu kamarsa. Ya san wane abokin ciniki ne yake biya ranar da ya ce, wane ne sai an bi shi gida. Ya san kayan da ke tafiya da azumi da waɗanda ke kwanciya da damina. Ya san 'yan sarin da ke zuwa daga Mashi, Kaita ko Batsari da abin da kowannensu yake ɗauka. Irin wannan ilimin ba a karanta shi, a jiki yake shiga, kuma shekaru yake ci.

Kuɗinsa na yau da kullum kaɗan ne: abinci, kuɗin kashewa, ɗinkin sallah, magani in ya kwanta. Babban kuɗin yana gaba, wato sallama: ranar da za ka yaye shi da jari, wataƙila ka tsaya masa a aure, ka haɗa shi da waɗanda kake sari a wurinsu. Duk wanda ya zaɓi wannan hanya ya sa wannan a lissafinsa tun yau. A nan ne kuma mafi yawan ɓarakar take. Maigida yana cewa "in lokaci ya yi," yaro yana ƙirga shekaru yana ganin sa'o'insa sun buɗe nasu. Da zarar ya fara jin cewa ba za a sallame shi ba, uzurin da Cressey ya ambata ya samu: "haƙƙina nake ɗauka." Ban ga abin da ke gyara wannan kamar magana a fili ba: shekara kaza za ka riƙe mini shagon nan, in Allah ya kai mu zan ba ka kaza, ga shaidu.

Akwai wani tarko da ba a cika lura da shi ba. Laurence Peter, wani malamin ilimi ɗan Kanada, ya yi suna a 1969 da wata magana: ana yi wa mutum ƙarin girma saboda ya iya aikin da yake yi, har a kai shi matsayin da bai iya ba, sai ya tsaya a nan. Yaron da ya fi kowa iya ciniki, mai fara'a da zaƙin baki, ba lalle ne ya iya hana bashi, ko tsawatar wa abokansa, ko zama da littafi bayan an rufe shago ba. Jan mai saye baiwa ce, riƙon shago wata baiwa ce daban. Sau da yawa wanda ya dace shi ne mai shiru-shirun nan da ba ya mantuwa da canjin naira hamsin.

Shi ya sa ba a miƙa makulli rana ɗaya. Paul Hersey da Ken Blanchard, a wajen 1969, sun tsara shugabanci a matakai huɗu gwargwadon yadda na ƙasa ya nuna: da farko ka ba da umarni dalla-dalla kana tsaye, sannan ka riƙa bayyana masa dalilin kowane umarni, sannan ku riƙa yanke shawara tare, daga ƙarshe ka sakar masa ragama kana duba sakamako. A shago, wannan yana nufin ka fara bar masa yini ɗaya ranar da ka tafi Kano, sannan mako guda, sannan ka ba shi ikon bayar da bashi zuwa wani adadi, sannan ka aike shi sari da kuɗi kaɗan ka ga yadda zai zaɓo kaya. Kuskuren da na fi gani shi ne tsallake daga mataki na ɗaya zuwa na huɗu, yawanci saboda tafiyar Hajji ko rashin lafiya ta zo ba shiri.

Ka kuma taimake shi da bakinka. Sauran yaran jiya tare suke cin abinci a kwano ɗaya, ba za su bi shi ba sai ka tara su ka ce, "Daga yau maganarsa maganata ce." In ka gyara masa kuskure, ka yi a keɓe. Rauninsa na ƙarshe shi ne rubutu da lissafi, amma wannan shi ne mafi sauƙin magani: wata biyu ko uku yana zama da mai lissafi ya isa ya iya littafin shiga da fita.

Manaja mai takarda

Katsina ba ta rasa matasan da suka karanta harkar kasuwanci ko akanta. Kwalejin Fasaha ta Hassan Usman, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, Jami'ar Al-Qalam da ta Tarayya da ke Dutsin-Ma suna yaye su kowace shekara, da yawansu kuma suna neman aiki.

Kuɗinsa a fili yake. Tun watan Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi a dokar ƙasa naira 70,000 ne. Dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, amma adadin ya zama ma'aunin da kowa yake kallo, kuma wanda za ka damƙa wa dukiyar miliyoyi bai kamata ka biya shi abin da ba zai kai shi ƙarshen wata ba. Ka ƙara da kwamfuta, manhajar lissafin kaya, da wutar da za ta riƙe su.

Shi ne mafi sauƙin yi wa lissafi, domin shi kansa yana tsammanin a tambaye shi. Akwai takardar yarjejeniya, akwai masu tsaya masa, in kun rabu ba wanda zai zo maka gida da magariba. Amma shi ne mafi ƙarancin ɗorewa: yana shagonka, takardunsa suna yawo, ranar da aikin gwamnati ko na banki ya faɗo zai tafi. Bai san kasuwa ba sai ya koya, kuma in bai iya gaisuwa da girmama dattawan abokan cinikinka ba, za su koma maƙwabta ba tare da sun ce maka komai ba. Akwai kuma haɗari na musamman: in shi kaɗai ya san abin da ke cikin kwamfutar, ka koma baƙo a dukiyarka.

Abin da ke riƙe irinsa ba albashi kaɗai ba ne. Frederick Herzberg ya tambayi injiniyoyi da akantoci kusan 200 a yankin Pittsburgh, ya fitar a 1959 cewa albashi da yanayin wurin aiki suna kawar da ƙorafi ne kawai, amma abin da ke sa mutum ya ba da zuciyarsa ga aiki shi ne a ba shi nauyi na gaske, a yaba masa in ya yi daidai, ya kuma ga yana ci gaba. In ka ɗauko manaja sannan ba ya iya sayen tsintsiya sai ya kira ka, ka biya kuɗin manaja ka samu mai gadin kanta.

Abokin ƙiradi

Wannan ita ce hanyar da aka fi mantawa da ita, alhali tana cikin littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaurukan garin nan. Kai ka kawo jari, shi ya kawo aiki, ku raba riba bisa kason da kuka amince: rabi da rabi, ko ɗaya bisa uku, ko yadda kuka daidaita. Amfaninta shi ne ta rage tazarar da ke tsakanin bukatarka da tasa, domin in ba a ci riba ba shi ma bai samu komai ba.

Tana da sharuɗɗa a mazhabar Malikiyya waɗanda ya kamata ka sani kafin ka shiga. Jarin kuɗi ne, ba haja ba, don haka shagon da ke cike da kaya ba a miƙa shi haka kawai a kira shi ƙiradi. Kason riba ake ambata, ba adadi ba: ba a cewa "kowane wata ka kawo mini dubu ɗari." Ba a raba riba sai uwar kuɗi ta dawo. In an yi asara ba da sakacinsa ko ƙetare iyakarsa ba, a kan mai jari take, shi kuma wahalarsa ce ta tafi a banza. Kuma mai jari ba ya sharɗanta cewa sai hannunsa yana cikin aikin. Wanda ya ga gobarar Babbar Kasuwa ta watan Maris na 2021 ya san cewa sharaɗin asarar nan ba maganar takarda ba ce. In zuciyarka ba za ta ɗauki hakan ba, ƙiradi ba naka ba ne.

Ga wani abu da na ga yana cin masu jari tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kayayyaki suka yi ta tashi. A ce ka ba da naira miliyan 6, ƙarshen shekara kuɗin ya zama miliyan 7 da rabi. A lissafi ribar miliyan 1 da rabi ce, in rabi da rabi ne kowa ya ɗauki 750,000. Amma in kayan da miliyan 6 ta saya bara yanzu sai da miliyan 7, to uwar kuɗinka ta dawo a adadi, ta rame a buhu. Ka yi wannan lissafin kafin ku yanke kaso, ka kuma zauna da malamin da ya san babin ciniki ya duba muku yarjejeniyar.

Rabuwa a ƙiradi tana da tsabta in an rubuta, sai dai takan jira a sayar da kaya a karɓo basussuka. Haɗarinta babba shi ne ɓoye riba, tunda shi ke riƙe da littafi.

| Ma'auni | Ɗan uwa | Yaron shago | Manaja | Abokin ƙiradi |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗi | Kaɗan a ido, mai yawa a ɓoye | Kaɗan yanzu, jarin sallama a gaba | Albashi sananne kowane wata | Kason riba, babu albashi |
| Ɗorewa | Doguwa | Har zuwa sallama | Gajera | Gwargwadon riba |
| Sanin aiki | Ya danganta | Ya san kasuwa, rauni a rubutu | Ya san lissafi, sai ya koyi kasuwa | Dole ya zama gwani tun farko |
| Sauƙin lissafi | Mai wuya | Matsakaici | Mai sauƙi | Sai an rubuta sharaɗi |
| Haɗari | Dukiya da zumunci | Gajiya da jiran sallama | Tafiya ba shiri | Asara a kan mai jari |

Ko wanne ka ɗauka, akwai ƙofofin da za ka toshe da kanka. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 masu saye da yawa sun koma tura kuɗi ta waya, don haka ɓarakar yau ba a durowa kaɗai take ba, tana cikin "tura ta wannan lambar." Ka buɗe asusu da sunan shagon, ka manna lambar a bango, na'urar POS ta zama ta shagon, saƙon shigar kuɗi ya riƙa zuwa wayarka. Wanda yake sayarwa kada ya zama shi kaɗai yake ƙirga kayan sito. A ƙirga kaya sau ɗaya a wata, wani lokaci ba tare da sanarwa ba. Ka kuma buɗe ƙofar da mai riƙon shagon zai iya gaya maka matsalarsa, ko da ta hanyar ba shi rance ne a rubuce a cire a hankali. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Wanne ya dace da wa

In harkarka ta sari ce wadda ta dogara da sanin mutane da bayar da bashi, kamar hatsi, atamfa ko kayan masarufi, kuma kana gari kana leƙowa, yaron da ya tashi a hannunka ya fi dacewa, muddin ka faɗi ranar sallama ka kuma bi matakan nan huɗu. A ganina wannan ne zaɓin da ya fi yi wa yawancin 'yan Babbar Kasuwa daidai.

In harkar tana da ma'aikata da yawa, da injina, da takardun hukuma, kamar gidan burodi, gidan ruwan leda da ke hulɗa da NAFDAC, gidan mai ko makaranta mai zaman kanta, ɗauki manaja. Ka haɗa shi da tsohon yaronka a matsayin mataimaki, ɗaya ya riƙe littafi ɗaya ya riƙe mutane, kuma in manajan ya tafi ba za a rufe wurin ba.

In kai ma'aikaci ne mai 'yan kuɗi a hannu, ba ka san kasuwa ba kuma ba ka da lokacinta, kada ka buɗe shago ka zaunar da ƙaninka wanda shi ma bai san ta ba. Nemi gwanin da ya rasa jari, kamar mai kiwon da ke sayo dabbobi a Mai'aduwa ko Charanchi ya yi turka zuwa babbar sallah, ku yi ƙiradi. Ka fara da abin da in ya salwanta ba zai hana ka cefane ba.

Hajiyar da ke sayar da kayan ɗaki ko atamfa daga gida ta WhatsApp, wadda abin da take bukata shi ne mai kai kaya da karɓo kuɗi, ɗan uwa ya ishe ta, domin shigar gida tana bukatar muharrami ko wanda maigidan ya sani. Ta yanka masa la'ada a kan kowane kaya da ya kai, kuɗin kuma su shiga asusunta kai tsaye.

In kuwa shekaru ne suka ja, kana son shagon ya rayu bayanka, ka sa ɗanka ko ɗan ƙaninka a ƙarƙashin babban yaronka na shekara biyu ko uku, ka gaya wa babban yaron abin da zai samu idan ya kammala koyar da shi, sannan ka kira shaidu biyu da mai unguwa a rubuta wane ne mai kaso, wane ne ma'aikaci, da abin da kowa yake bin shagon.